Babban Kifin Sharu Abdu

Ranar da Mansura ta kai wayar babanta gyara a Kasuwar Kilomita Biyar, mai gyaran ko ɗago kai bai yi ba.

"Malam, kai nake jira fa."

"Dakata don Allah, zai kuɓuce!"

Ta leƙa. Ashe kifi yake kamawa a waya, wasan nan da ake jefa ƙugiya mai kamar ƙwaro a kan ruwa. Zaren ya tsinke. Ya ɗago a fusace, suka haɗa ido, fushin ya bi iska. Sunansa Sadiƙ, bai daɗe da zuwa daga Maraɗi ba.

Kafin ka ce me, zancensu ya cika unguwar Yakité. Babanta, Sharu Abdu, ya ce sam. "Baƙon ɗan kasuwa? Gobe ya ɗaure kayansa ya tafi mini da 'ya!" Shi Jamaluddeen yake so, ɗan amininsa, haifaffen unguwar.

Ana cikin haka shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Sharu. Ya tashi, amma hannun dama ya ƙi. Likita ya ce ya riƙa motsa yatsun, tsoho ya ce shi ba yaro ba ne.

Mansura ta rubuta wa Sadiƙ: "Masoyi, Baba ya ce Juma'ar ƙarshen wata zai ba su Jamalu amsa. Ga hannunsa kullum ƙara mutuwa yake. Na rasa wanne zan yi wa kuka."

Ya amsa: "Kurciyata, share hawayenki. Ki sa masa wasan nan a wayarsa, kada ki ce ni na turo."

Tsohon da ya gagari likita sai ga shi ya kamu. Ƙananan kifaye yana samu, babban kuwa kullum sai ya tsinke masa zare.

Ranar Juma'ar, bayan an sauko daga Masallacin Koudoukou, Sadiƙ ya yi ƙundunbala ya zo gaida mara lafiya. Ya tarar da Jamaluddeen kusa da Sharu. Tsoho ya amsa gaisuwarsa da ƙyar, idonsa na kan waya. Mansura na bayan labule.

Kwatsam babban kifin ya cafki ƙugiya. Wayar ta hau rawa a hannun Sharu.

Jamaluddeen ya miƙo hannu. "Kawo, Baba, hannunka ba zai iya ba."

Fuskar Sharu ta canza. Ya ƙanƙame wayar.

Daga bakin ƙofa Sadiƙ ya ce, "Kada ka ja, Baba. Alamar zaren ta yi ja, sassauta masa ya gudu."

Sharu ya harare shi, amma ya ɗage yatsa.

"Ya yi dama, karkata sandar hagu. Yawwa! Ya gaji, naɗo a hankali."

Gumi ya keto wa tsoho. Babban yatsansa na karkarwa, wayar na zamewa. Sadiƙ ya matso ya durƙusa, ya harɗe hannuwansa a baya.

"In ya ga gaɓa zai sake zabura. Bar shi... Yanzu, Baba!"

Kifi ya faɗa raga. Sharu bai kalli kifin ba, hannunsa ya tsura wa ido, sannan ya dubi Sadiƙ.

"Kana gani tana neman faɗuwa, me ya hana ka karɓa?"

"Kifinka ne, Baba."

Tsoho ya ajiye wayar. Can Sharu ya ce, "In na ba ka Mansura, Maraɗi za ka kai ta?"

"Zan kai ta ta gaida Inna, in dawo da ita. Nan zan zauna."

Sharu ya juya. "Jamalu, ka gai da babanka. Da ƙafata zan zo in ba shi haƙuri."

Bayan labule Mansura ta toshe baki, kuka da dariya suka haɗe mata.

Ranar ɗaurin aure, da aka shafa fatiha, Sadiƙ ya durƙusa gaban surukinsa. Sharu ya ɗaga hannun nan na dama, yana rawa, ya ɗora masa a ka.

"Allah ya yi muku albarka. Ka riƙe mini ita a hankali."