Jini a Bakin Rijiyar Malam Aisami

Da igiyar guga Habsu ta fara gaida Abatcha. Ya iso rijiyar mahaifinta, a jejin Bune, bisa babur mai sarƙa maimakon taya, irin wanda aka ƙera don ƙasashen ƙanƙara, samarin Gure suka sayo tsofaffinsa suna tsere a kan tudun rairayi. Ƙararsa ta firgita raƙuma. Ta tsula masa igiyar a fuska har leɓensa ya fashe.

"Makaho ne kai, ko mahaukaci?"

Ya tofar da jini, ya ce, "Dā ni makaho ne, Gimbiya. Yanzu na gani."

Aikinsa kula da wata na'ura ce da masu bincike suka binne kusa da rijiyar, tana sauraren motsin ƙasa tana aika labari nesa. Daga ranar, na'urar ta yawaita buƙatar dubawa. Har tuƙin babur ya koya mata.

Ya rubuto: "Gimbiyata, leɓe ya warke, zuciya ta ƙi."

Ta amsa: "Zo in ƙara maka, Ɗan Ƙanƙara."

Da ruwan rijiya ya ja baya, Barmo, ɗan baffanta mai neman aurenta, ya baza cewa na'urar ce ke tsotse shi. Mahaifinta Malam Aisami ya yarda, ya ce ko a mafarki mai wannan ƙarfe ba zai zama surukinsa ba.

Da hantsi Barmo da mutanensa suka tare Abatcha. Suka farfasa na'urar da gatari, suka rufe shi da sanduna. Hannunsa ya karye, kansa ya tsage, idonsa na hagu ya mutu. Barmo ya zare takobi, sai Habsu ta faɗa kan Abatcha.

"Fara da ni, Yaya Barmo! Sai ka je ka gaya wa Baba."

Barmo ya sauke takobin. Ta ɗaure Abatcha a bayanta da mayafi, ta tuƙa babur har likitan Gure, jininsa na bin wuyanta.

Jandarma suka kama Barmo. Na'ura ta mutu, ruwa bai dawo ba, Malam Aisami ya gane an yaudare shi. Ya zo bakin gadon majinyacin da dattawa.

"A zamanin kakana an zubar da jinin baƙo a wannan rijiya, ya wanke kunyarsa da aurar wa baƙon ƴarsa. Haka zan yi."

Habsu ta durƙusa. "Baba, ka gafarce ni. Ni ba diyya ba ce. Tun yana da ido biyu na zaɓe shi."

Mahaifin ya daɗe yana kallonta.

"Wannan kam kakana bai gani ba. To, na ba ki shi."

Bayan Sallah aka ɗaura aure, ango da rawani ya rufe tabonsa. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.