Yashin da Ruwa Bai Kawo Ba

Da hantsi aka kawo wa Insfekta Carabalí rahoto: an tsinci gawar Don Fulgencio, mai haƙar yashi, a kwanar rafi, yashi ya rufe shi har fuska. Kafin insfekta ya iso, mutanen gari sun gama nasu binciken, kamar yadda suka saba. Wai giyar rake ce ta jefa shi ruwa.

Matarsa, Doña Herminia, ta ce shekara tara rabon mijinta da kwalba, kuma ba za a binne shi da sunan mashayi ba.

Ƙanenta Anselmo, mai haƙa a ɗaya gaɓar, shi ya fara ganin gawar. A cewarsa cikar da rafin ya yi jiya ce ta kwaso mutumin, ta tula masa yashi, ta janye.

Insfekta ya naɗe wando ya shiga rafin. Ruwan kwanar na da ƙarfi, har yana fizgar ƙafa. Ƙasa duk tsakuwa ce manya, kowace ta jingina da 'yar'uwarta. Ya saki yashi tafi guda, ruwa ya wuce da shi, bai ajiye ba sai can inda ya lafa. Rafi ya fi mutanen gari tsari: mai nauyi nan, marar nauyi gaba.

Ya fito ya damƙi yashin kan gawar. Lukui, ba tsakuwa, ba ganye, ba laka.

"Anselmo, shekararka nawa a aikin nan?"

"Ashirin, ranka ya daɗe."

"Ka taɓa ganin rafi mai rariya?"

Anselmo ya ce ruwa yana abin da ya ga dama.

"Har da ɗibar rairayayyen yashi daga tulinka da shebur? Ga gurbin can."

Anselmo ya daɗe yana kallon tulin, sannan ya faɗi sauran. Fulgencio ya jera duwatsu ya karkatar da ruwa, rafin yana cin gaɓar Anselmo yana kai wa Fulgencio yashi. Suka yi cacar baki, shebur na hannun Anselmo, ya maka masa.

Insfekta ya ce, "Da za ka rufe shi, ga tsakuwa a gefenka. Me ya kai ka tuli?"

"Mijin yayata ne. Ba zan zuba masa tsakuwa a fuska ba."

Sajen da ya rako insfekta ya sa masa ankwa. Doña Herminia ta samu abin da ta nema, an wanke sunan mijinta, ta tsaya tana kallon ƙanenta yana shiga mota.