Ba Ni Maganina, Umma

"Umma, ba ni maganina!"

Auta ta tare ƙofar kicin, idonta ya kaɗa ya yi jawur. Umma ta ƙara matse jakar da ta ɓoye maganin a hammata.

"Ki rufa mana asiri, Auta. Ki bari a tsayar da maganar aurenki tukuna. Shi ke sa miki rawar hannu. Ga Ticha can a falo da yayarsa, so kike su gane?"

Umma ke nan! Har ta manta bara, lokacin da Auta ta daina ci, ta daina barci, ta rufe shagon ɗinkinta ta kwanta tana kallon bango, kukan ma ya ƙi zuwa. Allah ne ya haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa, ƙwayar nan ta dawo da ita cikin mutane. Yau kuma wai ƙwayar ce abin kunya.

Auta ta ɗauki tiren lemo ta shiga falo, kofuna na ta ƙara a hannunta. Yaya Babba ta kalle ta sama da ƙasa.

"Zauna, yarinya. Ƙawarki Gimbiya ta same ni har gida, wai duk wata ana ganinki a asibitin mahaukata. Ki ce min sharri ne, mu wuce wurin."

Gimbiya! Wadda tun ranar da ta ga Ticha take lanƙwasa murya idan za ta gaishe shi.

"Wallahi sharri ne," in ji Umma daga bakin ƙofa. "Ɗan ciwon kai ne..."

"Gaskiya ne, Yaya," in ji Auta.

Ta ajiye tiren a gabansu.

"Ciwon damuwa gare ni. Ina ganin likita, ina shan magani, kuma ba zan daina ba, ko auren zai fasu yanzu. Na san inda na fito, ba mai mayar da ni can!"

"Innalillahi! Mu kwaso hauka mu kai cikin zuri'a?" Yaya Babba ta miƙe tana gyara mayafi. "Tashi mu tafi!"

Ticha bai motsa ba. Auta yake kallo.

"Ni ma kika ɓoye min?"

Nan ne Auta ta sunkuyar da kai, don wallahi tana son mutumin nan.

"Na ji tsoro ne... Ɓoyewar da na yi, ka yafe min. Ciwon kuwa ba zan ba kowa haƙuri a kansa ba."

"Na ce ka tashi!"

"Yi gaba, Yaya, zan zo in ba ki haƙuri." Ya juya ga Auta. "Raina ya ɓaci, zuciyata, ba zan yi miki ƙarya ba. Yaushe za ki koma wurin likita?"

"Jibi."

"Ki jira ni."

A daren ranar, Umma da kanta ta miƙo mata maganin da kofin ruwa, ta kasa haɗa ido da ita.

A asibiti benci ya cika maƙil. Auta ta saba ja mayafi ta rufe rabin fuska, yau ta bar shi a kafaɗa. Nas ta kira ta, ta dubi Ticha da ya biyo bayanta.

"Malam, marar lafiya da ɗan'uwanta kawai ke shiga. Kai wane ne?"

Ya ɗaga murya har na ƙarshen benci ya ji.

"Wanda zai aure ta ne. Buɗe mana ƙofa."