Zanen da Ba Shi da Ƙofa

Barira tana tankaɗen gari a tsakar gida, rana ta yi ja, manyan motocin da ke jiran hanyar Maraɗi sun yi shiru. Maigidanta Lado ya ƙetara Nijar da lodin hatsi. Daga ita sai 'yarta Rabi'a, sai ɗanta na fari, Maharazu, sai kuma warin nan.

Warin ya shigo gidan ne tun da Maharazu ya dawo daga karatun zane a Zariya. Ita da ta ji an ce zane, ta zaci mutum za ta gani, ko raƙumi. Ina! Layi ne kan layi, mai kusurwa uku a cikin mai kusurwa huɗu, gida cikin gida, a jikin buhun algarara da ya ɗaure wa katako. Fentin kanti kuwa ya ce ya yi masa tsabta da yawa. Jinin kwata yake kwaɓawa da baƙin man mota da tsatsar gwangwani da ruɓaɓɓen ƙwai, kuma a tukunyar miyarta. Ƙudaje suka tare a gidan. Wai wani attajiri a Ikko, cikin waɗanda arzikin fetur ya buɗa wa, zai rataya wannan ƙazanta a otal ɗinsa. Na ƙarshe da ya kawo shi ne baƙar laka mai yauƙi daga tsohuwar marinar bayan gari, inda ko akuya ba ta bi da almuru.

Ana kiran magariba dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Wani ya biyo. Barira ta leƙa waje, babu kowa. Daga ɗakin zanen kuma aka soma wani siririn kuka irin na jinjiri.

Rabi'a ta saki tsintsiya ta faɗi. Ta yi aman wani abu baƙi mai ƙarni, sannan ta kife tana jan layi a ƙasa da farce, kusurwa huɗu, ta rufe, ta sake. Haka ta riƙa yi kowace magariba har faratanta suka tsage. Barira ta daina cin tuwo.

Aka ɗauko Malam Uwaisu daga Farfaru, dattijo mai maganin mutanen ɓoye. Tun daga zaure ya toshe hanci da bakin rawani.

"Mi ya mutu cikin gidan ga?"

"Ba abin da ya mutu, Malam," in ji Barira, kanta a ƙasa. "Aikin yaron nan ne." Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne.

Malam ya sa turare a wuta, ya dafa kan yarinyar, ya daɗe yana karatu. Rabi'a ta ɗago. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, mai kaushi.

"Ku kau da ni daga warin ga! Tir da ku, 'yan Adam."

"Wace ce ke?"

"Mai tsohuwar marina. Ina nan tun Nasara bai ja layinshi tsakanin Jibiya da Maraɗi ba. Wannan layin kullum muna ƙetare shi. Na yaronku ne ya gagara. Jikana na barci cikin laka ya kwaso shi, ya kwaɓe shi da ruɓaɓɓen ƙwai, ya kewaye shi da hatimi, ko'ina a rufe."

Malam ya sa aka fito da zanen. Ya dube shi ya jinjina kai. Lallai ya yi kama da hatimin da malamai ke zanawa don ɗaure aljani, sai dai babu harafi ko ɗaya.

"Ba hatimi ba ne, Malam," in ji Maharazu. "Siffofi ne kawai. Ba su nufin komai."

"Gare ka," in ji tsohuwar.

"A ƙone shi!" Barira ta yi tsawa.

Rabi'a ta ƙwalla ƙarar da ta sa kaji suka watse. "Ki ƙona nawa, in ƙona taki! A ba ni hannun da ya ja layin, ya shanye, mu rabu."

"Ba ki samun hannu," in ji Malam. "Bai san da ku ba. Za a buɗe ma jikanki ƙofa, ki saki yarinya, ki rantse da zoben Annabi Sulaimanu ba ki komowa."



"Wanda ya rufe shi zai buɗe," in ji tsohuwar. "Na rantse."

Maharazu ya dubi zanen. "Inna, gobe mota za ta ɗauke shi zuwa Ikko. In na yanka..."

 Barira ta ɗauko wuƙar yankan kuɓewa ta damƙa masa, ta kamo hannun Rabi'a ta nuna masa yatsun da ke jini.

Ya sa wuƙa tun daga tsakiyar zanen, ya keta layukan duka har baki. Wani ɗoyi ya bugo su. Barira ta ji wani abu mai sanyi, mai santsi kamar ɗan ɓera marar gashi, ya bi ta kan ƙafarta ya nufi rariya.  Rabi'a ta yi atishawa mai ƙarfi, ta buɗe ido, ta ce da muryarta, "Inna, ruwa."

Da safe Barira ta fasa tukunyar miyar da taɓarya, ta wanke ƙafarta da toka har fata ta yi ja. Tana cikin haka ta hango Maharazu tsugune gaban ketaccen buhun. Hasken rana ya ratso ta tsagar, ya kwanta a ƙasa kamar zare. Idonsa na ƙyalli.

"Inna, wallahi ya fi kyau a haka," ya ce a hankali. "Wai ba ke kika ce akwai wata tsohuwar marina a Mazanya ba?"

Barira ta tofar da yawu. Ta tashi ta ɗauki fartanyar da ya haƙo lakar da ita, ta tura ƙarƙashin gadonta, ta zauna a bakin ƙofa.