Gida Biyu, Ƙofa Ɗaya

Magariba ta kawo jiki, Injiniya ya dawo daga shagonsa na gyaran firij, ya wuce ɗakin baya ko ruwan da matarsa ta ajiye masa bai kalla ba. Injiniya dai suna ne da maƙwabta suka laƙaba masa, rabi girmamawa rabi tsiya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi: wasu tantabaru, wasu ƙwallo, shi kuwa mutum-mutumin finafinai ne suka shiga ransa. In ya ga wani a fim ya burge shi, sai ya zana shi a kwamfuta gaɓa-gaɓa, ya tura wa firintarsa. Ita wannan firinta ba takarda take bugawa ba. Zaren roba take narkawa tana ɗora shi layi kan layi, har hannu ko kai ya tashi tsaye a kan farantinta.

Wadda ya fi ji da ita tana tsaye a kusurwa: 'yar mutum-mutumi mai tsayin yarinya, kwafin wata da ya gani a wani tsohon fim. Ya goge ta, ya yi mata fenti ruwan azurfa, ya sa mata ƙananan fitilu a ido. Abu biyu ya yi wajen ƙirarta da bai ɗauke su a bakin komai ba. Don zaren ya isa, ya bar cikinta fanko, in ka ƙwanƙwasa ƙirjinta sai ta amsa kamar tulun da ba ruwa. Sannan da fuskar ta ƙi fitowa yadda yake so, ya zaunar da 'yarsa Auta a kujera, ya zagaye kanta da waya yana ɗaukar hoto, ya gina fuskar a kan awon tata. Ranar Auta har da tsalle. Uwarta ce kaɗai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ni dai ba na son abin nan yana kallona da fuskar 'yata." Ya yi dariya ya ce roba ce. Hannun hagu kaɗai ya rage masa ya buga.

To, a wannan magaribar, yana tura ƙofa ya ji ƙaurin roba mai zafi. Firintar tana aiki, tana 'yar ƙararta a hankali cikin duhu. Shi kuwa ya san da hannunsa ya zare wayarta daga bango da safe, ga ma kan wayar nan yashe a ƙasa. A kan farantin hannun hagu ne yake tashi, yatsu sun fara fitowa. Ya sunkuya ya haska. A gindin babban yatsan akwai ɗan tabo, irin wanda wuƙa ta yi wa Auta tana ƙarama. Bai taɓa ɗaukar hoton hannun Auta ba.

Daga falo ya ji faɗuwar kofi, sai muryar yarinyar: "Mama, hannuna ya ƙi lanƙwasuwa."

Daga ranar gidan ya daina zama gidan da suka sani. Da rana lafiya lau. Amma da zarar haske ya fara ja baya, sai a fara jifa a kan rufin kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Da safe in matar ta yi shara, ba duwatsu take tarawa ba, gutsattsarin yatsun roba ne da suka lalace tun bara, waɗanda Injiniya ya daɗe da zubarwa a bola. Auta ta rage magana. Wuyanta ya koma juyawa kaɗan-kaɗan yana tsayawa, kuma takan daɗe ba ta ƙifta ido ba. Likita ya duba hannun, ya ɗauki hoto, ya ce bai ga komai ba.

Injiniya ya ji tsoro, tsoro na gaske, amma girman kai ya hana shi faɗa. Ya ce wutar lantarki ce, ya ce yaran layi ne. Sai wata magariba matarsa ta ɗaga murya daga kicin ta kira, "Auta!" Aka amsa "Na'am" daga falo. Aka kuma amsa "Na'am" daga ɗakin baya, murya ɗaya sak, sai dai ta biyun tana da amo kamar daga cikin tulu take fitowa.

Matar ta ajiye cokali, ta ɗauki mayafinta. "Baban Auta, wannan ma wutar lantarki ce?" Ta fita ɗauko kawunta.

Kawu tsoho ne mai ilimi, mai ƙarancin magana. Ya iso washegari rana na shirin faɗuwa. Ya leƙa ɗakin baya, ya daɗe yana kallon 'yar azurfar nan, ya ƙwanƙwasa ƙirjinta da bayan yatsa, ya saurari amon. Sannan ya sa aka fito da ita falo, aka tsayar da ita nesa da tabarmar da Auta ke zaune. Ya zauna ya fara karatu, muryarsa ƙasa-ƙasa. Jifan ya fara a kan kwano, ya yi ƙarfi, sai ɗif ya ɗauke.

Kan Auta ya juyo, ya tsaya, ya ƙara juyowa. Bakinta ya buɗe, wata murya mai kauri ta fito.

"Tsoho, kana ƙona ni."

"Wane ne kai, kuma me ya kawo ka?"

"Kangon bayan layin nan gidana ne, aka rushe shi. Ina yawo na tarar da gida sabo. An goge, an yi fenti, an kunna fitila a taga, ciki ba kowa. Wanda ya gina ko sunan Allah bai ambata ba. Laifina ne?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

"To me ya haɗa ka da yarinya?" in ji Kawu.

"Ƙofarsu ɗaya. In na fita na dawo, sai in ga gida biyu da fuska ɗaya. Wancan sanyi gare shi. Wannan kuwa da ɗumi." Muryar ta yi 'yar dariya. "Mu yi ciniki. A ƙarasa mini hannuna, a bar mini na robar, ni kuma in sakar muku na naman."

Allah Ya sani, zuciyar Injiniya ta karkata. Ga 'yarsa za ta warke, ga aikinsa na wata da watanni zai tsira. "Kawu," ya ce a hankali, "in dai zai cika alkawari..."

Kawu bai ko dube shi ba. "Wanda ya ce maka yana ɓatan ƙofa, shi za ka bar wa ƙofar? Ɗauko guduma."

Ya ɗauko. Ya tsaya gaban fuskar da ya goge da hannunsa, hancin Auta, haɓar Auta, har ɗan lotsawar kumatunta. Kawu ya ɗaga murya da karatu, yarinyar ta sandare a jikin uwarta. Injiniya ya ɗaga gudumar, sai fitilun idon suka kama da kansu, daga cikin kogon ƙirjin aka ce da muryar 'yarsa, muryar da take yi in ta tsorata, "Baba, ni ce fa."

Ya waiwaya. Matarsa tana rungume da Auta, hawaye na zuba, ta girgiza masa kai. "Ga 'yarka nan a hannuna. Buga!"

Ya runtse ido ya buga. Ya buga har fuskar ta zama gutsattsari, yana kuka kamar yaro.

"Zan fita," in ji muryar mai kauri, yanzu ta yi rauni, amma dariyar ba ta bar ta ba. "Zan fita, tsoho. Ai maginin nan mai kyauta ne." Hannun hagun Auta ya motsa, yatsun suka lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya, ta yi atishawa ta ce tana jin ƙishirwa. Kawu ya sa aka ƙone gutsattsarin, ya ce a goge zanen daga kwamfuta. Injiniya ya goge a gabansa. Maganar ƙarshen nan kuwa, kowa ya ɗauke ta ba'ar wanda ya sha kaye.

Kwanaki suka wuce ba jifa. Auta ta koma makaranta, ta koma surutunta. Wata magariba mai zafi suna zaune a falo, fanka na juyawa, tana aikin gida, wayar Injiniya ta yi ƙara. Saƙo ne daga guruf ɗinsu na intanet, na masu wannan sha'awa, mutanen ƙasashe daban-daban da bai taɓa gani ba. Nan take ya tuna abin da ya manta: ranar da fuskar ta fito da kyau, daɗin yabo ya ɗebe shi, ya tura musu zanen kyauta, kowa ya sauke.

Hoto ne wani ya turo. Kan roba ne sabon bugu a kan tebur, cikinsa fanko, ga hancin, ga haɓar, ga lotsawar kumatun. Ta tagar da ke bayansa ƙanƙara ta rufe komai fari fat. A ƙasa mutumin ya rubuta godiya, wasu kuma suna ta cewa nasu ma yana kan faranti.

Auta ta ajiye biro. Ta ja ƙafafunta ta takure, haƙoranta suna haɗuwa, gumi kuwa na bin wuyan uwarta.

"Baba," ta ce, "wa ya buɗe taga? Sanyi nake ji."