Waken Daji a Kusurwar Gonar Baba

Malamin tsirrai yana tsugune a kusurwar gonar baban Auta yana kafa turaku, sai ga ta ta zo ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu.

"Malam, uban wa ya aiko ka?"

"Ofishin kare tsirrai," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Waken dajin nan ya kusa ƙarewa. Ba za a nome wurin nan ba."

"Wannan? Ga shi can birjik a bakin hanya, har awaki sun gaji da shi!"

"Wancan ɗan'uwansa ne, furensa shuɗi, kwasfarsa sumul. Wannan furensa rawaya, kwasfarsa da gashi. Ki riƙa buɗe ido kafin baki."

Nan take ta tsane shi. Lambar wayarsa ma don ta ji daɗin zaginsa ta karɓa, ta riƙa tura masa saƙo.

"Sarkin Ciyawa, Allah ya sa gara ta cinye turakunka."

"Amin, Ƙaiƙayi. Kin ci abinci?"

Tun ana faɗa na gaske har ya zama ranar da ba su yi ba, ba ta jin daɗin yinin. Da ya zo neman aurenta, Baba ko tabarma bai ba shi ba.

"Ka koma ofishinku ka ce kuskure ka yi, irin na bakin hanya ne. In nome gonata, ka ɗauki matarka."

"Baba, ina son ta kamar raina, amma ba zan faɗi abin da ba haka ba."

"To, ga hanya nan."

Auta ta sha kuka, ta tura masa: "Ka zaɓi wake a kaina. Kada ka sake kirana."

Ya amsa: "Wanda ya yi ƙarya don ya same ki, gobe ke zai yi wa."



Ranar da Baba ya ɗauko tarakta, sai ya tarar da ita zaune daram a tsakiyar turakun.

"Ba don shi ba ne, Baba, har yanzu haushinsa nake ji. Na zaga bakin hanya kaf, ban ga mai rawayan fure ko ɗaya ba. Idan ka nome wannan, shi ke nan."

Baba ya daɗe yana hararar ta, sannan ya kashe injin.

"Masu taurin kai biyu. Ku je can ku ƙarata."

Aka ɗaura aure. Da suka durƙusa gaban Baba, fuskar nan a murtuke ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, ba irinku ba."