Ranar Da Inna Ladidi Ta Zo Duba Jami'a

"Wannan ce za ta zagaya da mu? Wannan?!"

Tun kafin Hamdiyya ta ɗago daga teburin karɓar baƙi muryar ta daki kunnenta. Ko a tsakiyar hayaniyar babbar kasuwar Suleja ta ji muryar nan sai ta gane ta.

Inna Ladidi ce mai shagon atamfa, tsaye da hannu a ƙugu. Gefenta autarta Hauwa, ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. A bayansu kuwa...

Ɗanlami!

Ya ɗan rame, ya tara gemu, amma idanun nan su ne dai, ba abin da ya taɓa su.

Ranar buɗe ƙofa ce a sabuwar jami'ar da ke bayan gari, ranar da iyaye ke kawo 'ya'yansu su ga wuri kafin a fara ɗaukar ɗalibai. Hamdiyya a nan ta yi karatu, da ta gama suka riƙe ta aiki a ofishin ɗaukar ɗalibai. Kuma saboda karatun nan ne aka fasa aurenta da Ɗanlami. An sa rana, an raba goro a unguwar Kurmin Sarki, sai sunanta ya fito cikin waɗanda jami'a ta ɗauka. Inna ta ce atafau ɗanta ba zai auri 'yar jami'a ba. Aka aiko karɓar kaya daga gidansu, mahaifinta ya daɗe bai iya haɗa ido da mutane a masallaci ba. Shi kuwa Ɗanlami, ko uffan bai ce ba.

"Ina kwana, Inna?" Ta ɗan rusuna.

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Babu wata ce sai ke?"

"Sauran duk sun fita da baƙi. In za ki jira..."

"Shagona na rufe na zo. Wuce mu je!"

"Hamdi..." Ɗanlami ya fara, murya ƙasa-ƙasa.

"Malama Hamdiyya," ta gyara masa, ko kallonsa ba ta yi ba. "Bismillah, ta nan."

Ta yi gaba. Hauwa ta matso kusa da ita ta raɗa, "Anti, wallahi sai da na daina cin abinci kafin ta yarda ta zo. Aibu ta zo nema. Don Allah ki taimake ni..."

"Me kike son karanta?"

"Aikin jinya. Nas nake so in zama."

"Me kuke ƙus-ƙus a kai?" Inna ta daka tsawa. "Hauwa, dawo nan! Tun yanzu an fara hure miki kunne."

Laburare suka fara shiga. Sanyi ya buge su, kwamfutoci a jere, ɗalibai kowa ya duƙufa.

"A nan za ta riƙa karatu," in ji Hamdiyya. "Littafin da babu shi a kan kanta za ta same shi a kwamfuta. Lakca ma ana naɗa, in rashin lafiya ta hana ta shiga aji sai ta saurara a wayarta. Wuta ba ta ɗaukewa, da sola muke aiki."

"Waya!" Inna ta tafa hannu. "Ai dama! Abin da ya lalata 'ya'yan mutane shi za ku ƙara ɗora mata. Kuma dubi can, namiji da mace kujera na gogar kujera."

"Akwai ɓangaren mata zalla a sama, ga wadda take so."

"Ke wanne kika zauna?"

"Duka biyun, Inna. Kuma ga ni."

"Na gan ki. Ga ki nan kuwa, babu miji."

Hamdiyya ta saci kallon Ɗanlami. Kansa na ƙasa, yana kallon tayil kamar an ba shi aikin dubawa. Har yau dai shi ne!

A sashen koyon jinya idanun Hauwa suka kawo haske. Gadaje a jere da fararen zannuwa, a kan ɗaya an kwantar da mutum-mutumin roba, ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka.

"Innalillahi! Gunki ne ke numfashi?" Inna ta ja da baya.

"Na koyo ne. A kansa ake koyon allura da ƙarin ruwa da auna bugun zuciya, kafin a taɓa ɗan Adam. In sun ƙware sai a kai su asibiti su yi a gaban likitoci. Hauwa, sa yatsunki nan."

Hauwa ta ɗora yatsu a wuyan hannun robar. Ta zabura, ta yi dariya, sai kuma hawaye suka cika mata ido. "Yana bugawa, Inna! Wallahi yana bugawa!"

"Cire hannunki kafin in ci mutuncinki!"

Daga nan sai ɗakin kwanan mata. Madam Priscilla, mai kula da wurin, wata dattijuwa 'yar Kudancin Kaduna, ta fito da fara'a.

"Sannu da zuwa, Mama. Yarinya naki ne? Kar ki damu, namiji ba ya wuce wannan ƙofa, ko baban ta ne. Ruwa akwai, kicin akwai, asibiti yana baya. Masallaci ga shi can, coci yana wancan gefe. In ba ta dawo a kan lokaci ba, ni da kaina zan kira ki."

Inna ta taɓe baki, amma ta shiga. Ta danna katifa, ta murɗa famfo, ta leƙa banɗaki, ta ja Hauwa suka nufi kicin. Aka bar Hamdiyya da Ɗanlami su biyu a bakin ƙofa.

"Hamdina..."

"Kar ka sake kirana haka."

"Ni na san kina nan. Kamfaninmu ne ya zo gyaran solar laburare kwanaki, na hango ki kina wucewa. Wallahi saura kaɗan in faɗo daga saman rufi."

"Da ka faɗo ai da na ji muryarka. Ashe kana magana?"

"Na cancanci fiye da haka. Amma ban yi aure ba, Hamdi. An nuna mini mata har na gaji, na kasa. Na ce in Inna ta zo ta ga wurin nan, ta gan ki da mutuncinki, wataƙila zuciyarta ta..."

"Wato ƙanwarka ka yi tarko da ita?"

"A'a! Karatun take so da gaske. Na dai haɗa ne..."

"Ranar da aka zo kwashe akwatuna daga ɗakin mahaifiyata kana ina? Ɗazu da ta ce ba ni da miji kana ina? Tayil kake kallo, Ɗanlami!"

"Mahaifiyata ce..."

"Ni ma wani ya haife ni!"

Abin da ya fi ba ta haushi, tana faɗa zuciyarta na narkewa. Ƙamshin turarensa ma bai canza ba.

"Ina son ki, sanyin idona. Ban taɓa dainawa ba."

"Lallai! Sannunku!"

Suka juya tare. Inna ce a bakin ƙofa, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Ashe abin da aka shirya kenan. Ni za ka mayar sakarya, Ɗanlami? Ka rufe mini shago, ka sa ni a keke napep, ka kawo ni gaban budurwarka?"

"Inna, ki saurare ni." Ya matsa gaba. "Hamdiyya ba ta san da zuwanmu ba. Kuma kin ga wurin nan da idonki, ba abin da kike zato ba ne. Mun zalunce ta, Inna. Ita nake so, ita zan aura."

Hamdiyya ta ji kamar ƙasa ta motsa. Yau ga shi ya faɗa, a gaban Inna, a gaban kowa!

Inna ta kalle shi sama da ƙasa. Sannan ta juya ga Hamdiyya, muryarta ta yi sanyi, sanyin da ya fi tsawa ban tsoro.

"Wurin ba laifi. Na duba, ban sami abin da na zo nema ba. Ni kaɗai na rene su tun rasuwar ubansu, ba zan tsaya ina kallo ki kwashe mini su duka biyu ba. Ki zaɓa. In ɗana kike so, ga shi nan, namiji ne, ba zan iya ɗaure shi ba. Amma Hauwa ta dawo shago, ita da jami'a har abada. In kuma kin fita harkarsa, ki faɗa a gabana, yau ɗin nan in sa mata hannu a takardar neman shiga."

"Inna, wannan ba adalci ba ne!"

"Rufe mini baki! Ba da kai nake ba."

Hauwa ta durƙushe a ƙasa tana kuka. "Anti, kar ki duba ni... Wallahi na haƙura. Zan zauna a shagon. Ku yi aurenku..."

Hamdiyya ta dube ta. Yarinyar na cewa ta haƙura, amma duk jikinta rawa yake. Ta san Inna Ladidi sarai, abin da ta faɗa ba ta janyewa. Ta kuma san irin zaman da za ta yi a gidan da ƙanwar miji ke auna yadi a kasuwa saboda ita.

"Zan shawo kanta daga baya, Hamdi," in ji Ɗanlami da sauri. "Ki ba ni lokaci kawai..."

"Lokacin da na ba ka a baya me ka yi da shi?"

Ba ta jira amsarsa ba.

Ta sunkuya ta ɗago Hauwa, ta goge mata fuska da bakin mayafinta. Sannan ta fuskanci Inna ido cikin ido.

"Na fita harkarsa. Ba don ina tsoronki ba, Inna, kuma ban yafe abin da kika yi wa mahaifina ba. Ofis yana can gaba, mu je ki sa hannu."

"Hamdiyya! Don Allah... kar ki yi mini haka!"

"Da ka yi maganar nan tun wancan lokacin, da yanzu 'ya'yanmu ne a hannun Inna." Hawayen da take riƙewa suka ɓalle. "Na gode da ka faɗa. Wallahi na ji daɗi... Ka je, Ɗanlami."

Inna ta sa hannu ba tare da ta zauna ba. Ko sallama ba ta yi ba ta fice.

Da aka buɗe makaranta, Hamdiyya na tsaye a tagar ofis ta ga keke ya tsaya a bakin get. Ɗanlami ya sauke akwatin Hauwa da bokiti, ya ajiye su daidai inda masu gadi ke tsayawa. Bai shigo ba. Ya daɗe yana kallon ginin ofishin, ita kuwa ta ja da baya ta laɓe jikin labule, hannunta a kan baki.

Sai da keken ya juya ya ɓace a kwana sannan ta fito.

"Anti..." Hauwa ta rungume ta. "Ya ce in gaya miki..."

"Kar ki gaya mini."

"Kalma ɗaya ce fa."

"Na sani, Hauwa. Shi ya sa."

Ta kama hannun akwatin ɗaya, Hauwa ta kama ɗayan. Suka nufi ciki a hankali, akwatin na bugun ƙafafunsu, kowacce na kuka ba ta kallon 'yar'uwarta.